Me ya sa ake rubuta "look forward to hearing", kuma ina ake sa "-ing" da "-ed" a jimlar Turanci?

Tambaya: Malam, tun muna makaranta aka koya mana cewa aikatau da ya biyo bayan "to" a Turanci ba ya ɗaukar komai a ƙarshensa, kamar a "I want to go". Amma kwanan nan wani ya duba mini wasiƙar neman aiki, ya mayar da "I look forward to hear from you" ta koma "I look forward to hearing from you". Mene ne dalili? Kuma ta yaya zan riƙa sanin inda ake sa "-ing" da inda ake sa "-ed", da kuma kalmar da ta dace ta bi kowane aikatau, irin su "on" da "of" da "for"?

Amsa: Wanda ya gyara maka wasiƙar ya yi daidai, kuma malaman da suka koya maka waccan doka ba su yi kuskure ba, sai dai rabin maganar suka faɗa. Turanci yana da "to" iri biyu, rubutunsu ɗaya, amma aikinsu a jimla ya sha bamban. Ta farko ita ce wadda ka sani, wadda ba ta da wata ma'ana ta ƙashin kanta, aikinta kawai ta zo kafin aikatau ta nuna cewa yana cikin sigarsa ta asali wadda ba a jingina ta ga wani lokaci ba, kamar a "want to go" da "decide to stay" da "refuse to pay". Ta biyu kuwa tana cikin rukunin ƙananan kalmomin nan irin su "in", "on", "at", "of", "for", "from" da "with", waɗanda ke zuwa kafin suna su haɗa shi da sauran jimla. Wanda ya taɓa karatun nahawun Larabci zai gane su da haruffan jarra, kuma da wannan suna zan riƙa kiran su a nan, domin a Turancin ma suna yin tasiri a kan abin da ya biyo su: ana cewa "for him" da "with us", ba a cewa "for he" ko "with we".

Harafin jarra suna yake nema a bayansa, ko wakilin suna, ko wani abu da zai iya tsayawa a gurbin suna. Idan abin da ake son faɗa aiki ne, dole a mayar da aikatau ɗin sigar da ta cancanci wannan gurbi, kuma a Turanci wannan siga ita ce mai "-ing". Shi ya sa ake cewa "she insisted on paying", "he left without speaking", "they succeeded in opening the door", "I apologise for coming late". Wannan tsari ba baƙo ba ne ga mai jin Hausa, domin haka muke yi idan muka ce "ya gaji da jira", ko "ta dage kan tafiya", ko "kafin zuwansa", inda jira da tafiya da zuwa duk sunayen aiki ne. Inda harsunan biyu suka rabu shi ne, Hausa tana yarda a kawo cikakkiyar ganga (wato yankin jimla mai ɗauke da mai aiki da aikatau nasa) bayan irin waɗannan kalmomi, a ce "ba tare da ya sani ba", alhali Turanci bai yarda da "without he knew" ba, sai dai "without knowing" ko "without his knowledge". Kalmomi kaɗan ne, irin su "before", "after", "since" da "until", suke karɓar duka biyun, shi ya sa "before leaving" da "before he left" duk daidai ne.

Yanzu saura yadda za ka gane wace "to" ce a gabanka. Akwai gwaji mai sauƙi wanda da wuya ya ba ka kunya: ka cire aikatau ɗin ka sa suna a gurbinsa, ka ga ko jimlar za ta tsaya. "I look forward to the holiday" jimla ce lafiyayya, haka ma "I look forward to your reply", don haka wannan "to" harafin jarra ne, kuma aikatau da zai biyo ta sai mai "-ing". Amma "I want to the holiday" ba magana ba ce, don haka "to" ɗin da ke bin "want" ta ɗaya rukunin ce. Da wannan gwaji za ka gano cewa "object to", "confess to", "resort to", "devote oneself to", "be committed to", "be opposed to", "be accustomed to", "in addition to", "with a view to" da "when it comes to" duk suna neman "-ing", wato "we object to paying twice" da "he confessed to taking the money". Haka kuma "prefer", idan ana fifita wani abu a kan wani: "I prefer reading to watching television".

Wurin da ya fi rikita ɗalibai shi ne "used to", saboda tsari biyu ne suka yi kama. "I used to work at night" yana nufin a da nakan yi aiki da dare amma yanzu na daina, kuma ba za ka iya sa suna bayan wannan "to" ba. "I am used to working at night" kuwa yana nufin na saba da aikin dare, kuma za ka iya cewa "I am used to the noise". Alamar da ke raba su ita ce kasancewar "am", "is", "was" ko "get" kafin "used". Akwai ma na uku, "this knife is used to cut bread", wanda ba shi da alaƙa da sabo ko da abin da ya wuce, aikatau "use" ne kawai a sigar da aka ɓoye mai aiki, ma'ana ana amfani da wuƙar wajen yanka burodi. A tarihi dai "to" ɗin nan biyu tushensu ɗaya ne, domin a Tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi kafin ƙarni na 12, harafin jarra ne da ke zuwa kafin wata sigar aikatau mai kama da suna don nuna manufa, daga baya ma'anar ta dushe a wurare da yawa ya zama alama kawai.

Sashe na biyu na tambayarka, wato wane harafi ne ke bin wane aikatau, ya fi wuya, kuma gara in faɗa maka tun yanzu cewa babu wata doka guda da za ta warware shi. Idan harafin jarra yana nuna wuri ko lokaci, kamar a "the book is on the table", ma'anarsa ce ke sa a zaɓe shi. Amma a "depend on", "consist of", "believe in", "listen to" da "wait for", aikatau ɗin ne ya zaɓi harafin, kuma harafin ya rasa mafi yawan ma'anarsa ta asali. Babu wani dalili na hankali da ya sa ake cewa "accuse him of stealing" amma "charge him with stealing" da "blame him for stealing", alhali ma'anonin suna kusa da juna. Saboda haka aikatau da harafinsa abu guda ne a wajen hadda, kuma wanda ya haddace "depend" shi kaɗai bai gama haddace kalmar ba.

Ga mai jin Hausa, yawancin kurakuran wannan fanni daga fassara a zuci suke fitowa, kuma kalmar "da" ce ta fi jawo su, domin a Hausa tana ɗaukar nauyin da Turanci ya rarraba wa haruffa da yawa. Muna cewa "dogara da", "saba da", "gaji da", "bambanta da", "yarda da", duk da kalma guda, alhali Turanci yana cewa "depend on", "be used to", "be tired of", "differ from", sannan ya raba "yarda da" gida uku ko huɗu: "agree with" mutum ko ra'ayinsa, "agree to" shawarar da aka gabatar, "agree on" abin da ɓangarori suka daidaita a kai, da "believe in" idan maganar imani ce. Wanda ya ɗauka cewa "da" kullum "with" take zama zai yi ta tuntuɓe. Wani lokaci kuma Hausa ba ta buƙatar komai tsakanin aikatau da karɓau (wato abin da aikin ya faɗa wa), kamar a "saurare shi", "jira ta", "nemi kuɗi", "kalli hoto", amma Turanci sai ya sa harafi: "listen to him", "wait for her", "look for money", "look at the picture". Akasin haka ma yana faruwa, inda Hausa ke sa harafi Turanci kuma ba ya sawa. Muna cewa "tattauna a kan batun" da "shiga cikin ɗaki", sai hannu ya rubuta "discuss about the matter" da "enter into the room", alhali daidaitaccen Turanci "discuss the matter" da "enter the room" yake cewa, yana ajiye "enter into" don abubuwa irin su yarjejeniya. Haka "emphasise", "request" da "marry" ba sa ɗaukar harafi idan aikatau ne, ko da yake sunayensu suna ɗauka, a ce "emphasis on", "a request for", "marriage to", kuma daga nan ne rikicin yakan samo asali.

Duk da haka ba a rasa wasu ƙananan rukunai da ke rage wahalar hadda ba. Aikatau masu ma'anar hani ko kariya sukan ɗauki "from": "prevent", "stop", "keep", "discourage", "prohibit", "protect", kamar a "the rain prevented us from leaving". Masu ma'anar raba mutum da wani abu sukan ɗauki "of": "rob him of his money", "deprive her of sleep", "cure him of the disease". Masu ma'anar wadata mutum da abu sukan ɗauki "with": "provide them with food", "supply", "equip", "present". Masu ma'anar sakayya, mai daɗi ko marar daɗi, sukan ɗauki "for": "thank", "praise", "forgive", "punish", sai dai "congratulate" ya fita daga sahu, domin abin da aka fi sani shi ne "congratulate him on passing". Ka lura kuma cewa idan aka sauya abin da ke bin aikatau kai tsaye, harafin ma yakan sauya: "they blamed the driver for the accident" amma "they blamed the accident on the driver", haka "provide the pupils with books" amma "provide books for the pupils". Akwai kuma 'yan bambance-bambance tsakanin Turancin Ingila da na Amurka waɗanda ba kuskure ba ne. Mutanen Ingila sukan yar da "from" su ce "stop him leaving", sukan ce "write to me" da "protest against the law", yayin da a Amurka "write me" da "protest the law" suka zama ruwan dare. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai cikin rubutu guda.

Abin da zai fi yi maka amfani a nan shi ne ƙamusun da aka yi musamman don masu koyon Turanci, domin su ne ke nuna tsarin da kowane aikatau ke bi, ba ma'anarsa kaɗai ba. Wannan al'ada ta samo asali ne daga aikin A. S. Hornby, malamin Turanci ɗan Ingila da ya daɗe yana koyarwa a Japan, wanda aka buga ƙamusunsa a Tokyo a 1942, sannan madaba'ar Oxford ta sake buga shi a 1948, ya zama tushen ƙamusun nan na masu koyo da ake amfani da shi har yau. Hornby ya karkasa tsare-tsaren aikatau zuwa guda 25, yana sa wa kowane aikatau lambar tsarinsa. Bugun zamani sun bar lambobin, suna rubuta tsarin a fili, misali "accuse somebody of doing something". Wannan layin ne ya kamata ka kwafa a littafinka.

Akwai wasu abubuwa biyu da ke faruwa da harafin jarra waɗanda ba a cika koyarwa ba. Na farko, idan abin da zai biyo baya ganga ce mai farawa da "that", harafin yakan faɗi gaba ɗaya: "he insisted on it" amma "he insisted that we stay", "I am aware of the danger" amma "I am aware that it is dangerous". Ba a cewa "aware of that it is dangerous", kuma wanda yake son riƙe harafin sai ya ƙara suna, ya ce "aware of the fact that". Amma kafin "what", "who", "how" da "whether" harafin yana nan daram: "it depends on what you mean". Na biyu, idan wanda zai yi aikin da ke cikin "-ing" ba shi ne aikau na jimlar ba, wato wanda ya yi babban aikin da ke cikinta, dole a ambace shi. "She insisted on paying" ita ce za ta biya, amma "she insisted on his paying" ko "on him paying" shi ne zai biya. Tsofaffin littattafan nahawu sun fi son "his", kuma shi ne ya fi dacewa da wasiƙar hukuma, amma "him" ya karɓu a magana da yawancin rubutu, kuma idan sunan dogo ne ko ba na mutum ba, kamar "we rely on the train arriving early", ba a ma cika sa alamar mallaka ba.

Ya kamata kuma ka bambance harafin jarra da wata ƙaramar kalma mai kama da shi wadda a zahiri bayanau ce, wato kalmar da ke ƙara bayani a kan aiki, manne da aikatau. A "look up the word" da "look after the child" za ka ɗauka tsari ɗaya ne, amma ka gwada matsar da kalmar: ana cewa "look the word up", ba a cewa "look the child after". Idan karɓau wakilin suna ne kuwa, a tsari na farko dole ya shiga tsakiya, "look it up", a na biyu kuma dole ya zauna a ƙarshe, "look after him". Harafin jarra na gaskiya ba ya yarda sunansa ya wuce gabansa ta wannan hanya. Wasu aikatau suna haɗa duka biyun, kamar "put up with", "get away with", "look down on", kuma naka "look forward to" ɗaya ne daga cikinsu. Ta fuskar "-ing" dai rukunan ba su saɓa ba, domin "give up smoking" da "put off writing" su ma "-ing" suke ɗauka.

Saboda aikatau da harafinsa sun zama kamar kalma guda, ana iya juya jimlar a ɓoye mai aiki harafin ya rage a ƙarshe shi kaɗai: "the matter is being looked into", "he can be relied on", "she hates being laughed at". Kuskuren da ake yi shi ne yar da harafin, a ce "he can be relied". Za ka iya cin karo da wanda zai ce maka ba a ƙare jimla da harafin jarra. Wannan ra'ayi an fi danganta farkonsa ga marubuci John Dryden, wanda ya soki marubucin wasan kwaikwayo Ben Jonson a kan haka a 1672, kuma masana da yawa suna ganin ƙa'idar Latin ce aka ɗora wa Turanci. A ganina bai kamata ka wahalar da kanka da ita ba, domin jimloli irin waɗanda na kawo ba su da wata hanyar da za a faɗe su ba tare da an lalata su ba.

Mu koma kan "-ing" da "-ed". Aikatau na Turanci yana da sigar farko, kamar "break", da ta biyu mai nuna abin da ya wuce, "broke", da ta uku, "broken". A yawancin aikatau ta biyu da ta uku duk "-ed" ne, shi ya sa ake cakuɗa su, amma ta uku ce muke magana a kai. Idan sigar "-ing" da siga ta uku suna siffanta suna, bambancinsu shi ne wanda ya yi aiki da wanda aikin ya faɗa wa. Mai "-ing" tana nuna abin da aikin ke fitowa daga gare shi, ko wanda yake cikin yin sa, siga ta uku kuwa tana nuna abin da aka yi wa aikin, daidai da yadda muke cewa "dafaffe" da "karyayye" da "rubutacce". "Boiling water" ruwa ne da ke tafasa yanzu, "boiled water" tafasasshe ne, ko da ya huce. A kalmomin da suka shafi abin da zuciya ke ji ne wannan ya fi muhimmanci, domin a Turanci abin ne ke yi wa mutum aiki: "the book interests me". Saboda haka littafin shi ne "interesting", mai karatu kuma "interested". Wanda ya ce "I am boring" ya shaida wa jama'a cewa shi ne ke gundurar mutane, alhali abin da yake nufi, wato an gundure shi, "I am bored" ne. Haka abin yake a "confusing" da "confused", "tiring" da "tired", "disappointing" da "disappointed".

A nan ne batun siga ta uku ya sake haɗuwa da na haruffan jarra. Idan ana maganar aikin da wani ya yi, "by" ce ke gabatar da mai aikin: "the letter was written by the manager". Amma idan sigar ta zama sifa mai nuna hali, takan zaɓi nata harafin: "interested in", "pleased with", "worried about", "tired of", "married to", "involved in", kuma aikatau da ya biyo baya, bisa dokar farko, mai "-ing" ne, kamar a "interested in learning". Hausa ta fi Turanci fayyace wannan bambanci na aiki da hali, domin muna da "an rufe ƙofar" muna kuma da "ƙofar tana rufe", alhali "the door was closed" tana iya ɗaukar kowanne, sai abin da ke kewaye da ita ya nuna. Wasu kuma harafin ne ke sauya ma'anarsu: "known for" abin da mutum ya shahara da shi, "known as" sunan da ake kiran sa, "known to" waɗanda suka san shi, "tired of walking" ya ƙosa da tafiyar, "tired from walking" tafiyar ce ta gajiyar da jikinsa.

Akwai tsarin da aikatau ke ɗaukar karɓau sannan ɗaya daga cikin sigogin nan ta biyo baya. Da aikatau na gani da ji, irin su "see", "hear", "watch" da "notice", ana samun hanya uku. "I saw him crossing the road" daidai yake da "na gan shi yana tsallaka titi", wato na riski aikin yana gudana. "I saw him cross the road", ba tare da "to" ba, yana nufin na ga aikin tun daga farko har ƙarshe, kamar "na ga ya tsallaka". "I saw him arrested" kuwa shi ne aka kama. Idan aka juya ta biyun aka ɓoye mai gani, "to" takan dawo: "he was seen to cross the road". "Keep", "leave", "catch" da "find" su ma suna bin wannan hanya: "sorry to keep you waiting", "they caught him cheating", "we found the window broken". Mafi amfani a cikinsu shi ne "have" ko "get" da siga ta uku. "I repaired my car" ni na gyara da hannuna, "I had my car repaired" na sa an gyara mini. Wannan tsari yana kuma ɗaukar abin da ya sami mutum ba da son ransa ba, domin "he had his phone stolen" a mafi yawan lokuta "an sace masa waya" yake nufi. Sai kuma "need", wanda ya saɓa wa abin da na faɗa a sama, domin "the car needs washing" ma'anarsa motar tana buƙatar a wanke ta, daidai da "needs to be washed".

Wasu 'yan aikatau suna karɓar "to" ko "-ing" ma'ana kuma ta sauya. "He stopped smoking" ya daina shan taba, "he stopped to smoke" ya tsaya domin ya sha. "I remember locking the door" na tuna cewa na kulle, "remember to lock the door" kada ka manta ka kulle. "Try to open it" ka yi ƙoƙarin buɗewa, "try opening the window" ka gwada buɗe taga ka ga ko za ta yi magani. Amma "begin", "start" da "continue" suna ɗaukar kowanne ba tare da wani bambanci mai yawa ba, yayin da "enjoy", "avoid", "finish", "deny", "mind" da "suggest" ba sa ɗaukar "to" kafin aikatau ko kaɗan, sai "-ing".

A rubutu na hukuma za ka riƙa ganin jimlolin da ke farawa da waɗannan sigogi don taƙaita magana: "Walking home, she met her teacher", "Written in haste, the report contained errors", "Having finished the work, they left". "Having" da siga ta uku tana nuna cewa aikin farko ya kammala kafin na biyu. Sharaɗin wannan tsari shi ne, wanda ya yi aikin da ke farkon jimla ko wanda aka yi wa shi dole ya zama shi ne aikau na babbar ganga. Wanda ya rubuta "Having read your advertisement, the job interests me" ya mayar da aikin shi ne ya karanta tallar, kuma gyaransa shi ne "Having read your advertisement, I am interested in the job". Sharaɗin bai canza ba ko da harafin jarra ya shigo, kamar a "after reading" ko "on arriving". Idan masu aikin biyu ne daban, sai a ambaci na farkon, sau da yawa tare da "with": "With prices rising, people are buying less".

Wataƙila ka ji malamai suna raba "-ing" gida biyu, wadda ke aikin suna su kira ta "gerund", wadda ke aikin sifa ko ke nuna aiki mai gudana su kira ta "present participle". Rabon yana da tushe a tarihi, domin a Tsohon Turanci ƙarshensu daban ne, sunan aiki yana ƙarewa da "-ung" ko "-ing", ɗayar kuma da "-ende", kafin su haɗe su zama siga guda a ƙarnonin da suka biyo baya. Tunda babu wani aikatau a Turancin yau da ke bambanta su a rubutu ko furuci, masana nahawu Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, a babban littafin nahawun da suka fitar ta madaba'ar Cambridge a 2002, sun haɗa su ƙarƙashin suna guda. Ga mai rubuta wasiƙa sunan ba shi ne abin damuwa ba, in dai ya san gurbin da kalmar ta tsaya.

Sharaɗin da na ambata na daidaita mai aiki yana da togaciya. Wasu daga cikin sigogin nan an yi ta amfani da su ba tare da mai aiki ba har suka rikiɗe suka zama haruffan jarra su da kansu, irin su "regarding", "concerning", "including", "considering", "following" da "given". Shi ya sa "Considering his age, the result is good" ba kuskure ba ne, ko da yake sakamakon ba shi ne ke yin la'akari ba, haka ma "generally speaking" da "judging from". Har "during" ta wannan hanya ta zo, daga wani tsohon aikatau mai ma'anar ɗorewa wanda yanzu an daina amfani da shi. Tunda kuwa sun shiga sahun haruffan jarra, dokar rukunin ta hau kansu, wato suna ne ke bin su ko aikatau mai "-ing", kamar a "the duties are many, including answering letters".